Ramuwa a Gidan Likita

Bahaushe ya ce ramuwar gayya ta fi gayya zafi, masu shirya fim kuwa sun daɗe da gane cewa wannan zafin yana kawo kuɗi. Manyanmu da suka yi zamanin silima irin su Plaza da El Dorado sun sha kallon finafinan Indiya na ɗaukar fansa. Akwai Nagin na 1976, inda aka harbe wa macijiya mijinta, ta rikiɗa mace ta bi makasan ɗai-ɗai. Irin wannan ramuwa tana da daɗin kallo, ga waƙa, ga ado, mai kallo ya tashi zuciyarsa wasai.

Fim ɗin da zan yi magana a kansa ba ya barin mutum ya tashi haka. Sunansa The Last House on the Left, Wes Craven ya shirya shi a Amurka cikin 1972 da kuɗin da bai kai dala dubu ɗari ba. Shi ne na farkonsa, tun kafin ya yi suna da A Nightmare on Elm Street a 1984. Labarin gajere ne. 'Yan mata biyu, Mari da ƙawarta, sun faɗa hannun wasu miyagu da suka tsere daga kurkuku, shugabansu Krug. Suka ci mutuncinsu a daji, suka kashe su. Motarsu kuwa ta lalace, suka nemi wurin kwana, ashe gidan iyayen Mari ne. Aka yi musu karɓar baƙi, har da abinci, sai uwar ta ga sarƙar 'yarta a wuyan ɗayansu.

Na kalle shi da abokai a ɗakinmu a Kaura Goje, kuma na lura da wani abu. Lokacin da ake zaluntar yaran, kowa cewa yake a kashe su kawai. Amma da uban, wanda likita ne, ya ɗauko zarton inji ya nufi Krug, sai ɗakin ya yi tsit. An ba mu abin da muka roƙa, muka kasa tafi. Hoton ma duk dishi-dishi ne, kamar labaran yaƙin Biyetnam da Amurkawa ke gani a talabijin a lokacin, saboda haka rashin kuɗin ya ƙara masa kama da gaskiya.

Fim ɗin yana da aibu babba. Akwai wasu 'yan sanda biyu sakarkaru da aka cusa don ban dariya, da kiɗan shashanci a tsakiyar ta'asa. Kyamarar kuma takan daɗe a kan wulaƙancin yaran fiye da yadda labari ke bukata, har mutum ya tambayi kansa ko wa ake son a gamsar. Ban ga laifin hukumar tace finafinai ta Ingila ba da ta hana shi a 1974, sai 2008 ta sake shi cikakke.

Asalin labarin daga fim ɗin Ingmar Bergman ne na Suwidin, The Virgin Spring na 1960. A can uban ya rama, sa'an nan ya yi nadama, ya yi alkawarin gina wurin ibada inda 'yarsa ta mutu. Mu ma a shari'armu kisasi hannun alƙali yake, ga kuma ƙofar diyya da ta afuwa. Craven ya toshe duka. Hukuma ta iso a makare, ta tarar da mata da miji cikin jini a falonsu, kayan bikin cikar Mari shekara 17 suna rataye har yanzu.