Cika Baki a Gidan Kallo: Hasashen Ƙwallo a Bakin Wani Telan Mafara

Duk wanda ya bi hanyar Gusau zuwa Sakkwato ya yada zango a Talatar Mafara ranar Asabar da la'asar, da wuya ya rasa ganin allo jingine a bakin wata rumfar kwano, an jera sunayen ƙungiyoyin Ingila da na Sifaniya da alli, kowane wasa da lokacinsa. Haka abin yake a Bakura, haka yake a Maradun. Wannan rumfa ita ce gidan kallo: bencina a jere, talabijin biyu ko uku, kwandon tauraron ɗan'adam a kan rufi, janareta yana ruri a baya. Wasan da ake kallo minti 90 ne, amma maganar da ake yi a kansa takan ɗauki mako guda cur. Mafi armashinta kuwa ita ce wadda ake yi kafin a take leda, wato hasashen wanda zai yi nasara.

Akwai wani tela a Mafara, ya ba shekara arba'in baya, wanda matasan unguwarsu ba su jin mako ya kankama sai sun ji ta bakinsa. Magoyin bayan Arsenal ne tun 1999, shekarar da Nwankwo Kanu ya koma ƙungiyar, shekara uku bayan ya jagoranci Nijeriya ta ɗauko zinare a gasar Olamfik ta Atlanta. Ya ga kakar 2003/2004, wadda Arsenal ta buga wasa 38 a gasar Firimiya ba a doke ta ko sau ɗaya ba. Daga nan ƙungiyar ta shafe fiye da shekara ashirin ba ta sake ɗaga wannan kofi ba, shi kuwa bai fasa cika baki ba ko da kaka ɗaya.

Wanda ya saurari telan da kunnen nazari zai lura hasashensa yana da tsari. Yakan fara da hujja: wane ne ya ji rauni, wane ne aka ba jan kati, wasa nawa abokan hamayya suka buga a 'yan kwanakin nan, a gida za a yi ko a waje. Daga hujja sai ya haura zuwa kirari, ya koɗa ƙungiyarsa, ya ƙasƙanta ta wani. Sannan ya yanke adadin ƙwallaye, ya ɗora jingina a kai. Ga yadda takan fito, ƙafarsa tana kan keken ɗinki:

"Ku saurara, yara. Wasa ukku sunka buga cikin kwana takwas, masu tsaron bayansu sun gaji. Mu ad da igwa, ba a tarbe mu da faifai. Biyu da nema mu ka yi musu, in Allah ya so. In ba haka ba, shayin gobe ni ka biya."

Igwar da yake nufi ita ce wadda ke jikin tambarin Arsenal. "In Allah ya so" ɗin nan kuma ba cikon magana ba ne. Da ita yake raba abin da yake yi da duba ko bugun ƙasa, domin a garin da malamai suke wa'azi kullum a kan masu da'awar sanin gaibu, dole mai hasashe ya nuna cewa ƙiyasi yake yi da abin da ido ya gani, hukunci kuwa na Allah ne.

Wannan salo bai zo ƙasar Zamfara tare da kwandon tauraron ɗan'adam ba. Ya tarar da gurbinsa a share. A dandalin dambe, kafin a gwabza, ɗan dambe yakan fito ya yi kirari, ya faɗi abin da zai yi wa abokin karawarsa, makaɗi yana zuga shi da kalangu. Duk wanda ya san waƙar da Ɗan'anace ya yi wa Shago ya san yadda ake kayar da mutum da baki tun kafin a kai masa hannu. A fada ma haka ne. Yankin nan shi ya haifi Musa Ɗanƙwairo, wanda aka haifa a Bakura ya yi suna da Maradun, ya rasu a 1991, shi ya haifi Sa'idu Faru, kuma a wurin makaɗan fada yabon ubangida ba ya cika sai an haɗa da zambo da habaici ga wanda ke ja da shi. Telan bai taɓa ɗaura zare a hannu ba, bai taɓa riƙe kotso ba, amma kunnensa a cikin waɗannan ya tashi. Bambancin kawai shi ne ɗan dambe jikinsa yake sa wa a gaba, mai hasashe kuwa bakinsa da fuskarsa.

Akwai kuma wani tsohon gurbi da ƙwallo ta samu, wato wasan barkwanci. Kamar yadda Bafillace da Babarbare, ko Bakano da Bazazzagi, suke da izinin yi wa juna ba'a ba tare da an ɗauka da zafi ba, haka magoya bayan Arsenal da na Chelsea, ko na Barcelona da na Real Madrid, suka zama taubasan juna. Yaron da ba zai iya ɗaga ido ya kalli dattijo ba a majalisa, yana iya yi masa dariya a gidan kallo in an ci ƙungiyarsa, matuƙar bai haura kan ƙwallo ya taɓa mutunci ba. Telan yana da taubashi na jini a Bakura, manomin shinkafa a fadamar madatsar ruwa ta Bakalori, wanda ya kama Chelsea tun zamanin Mikel Obi. Taubasantakarsu ta zama riɓi biyu.

A kakar 2022/2023 Arsenal ta shafe mafi yawan watanni tana saman teburin Firimiya. Telan ya yi azumin shekarar nan yana ɗinkin Salla dare da rana, yana kuma shelar cewa kofi ya zo gida. Ranar Laraba 26 ga Afrilu, 2023, kwanaki kaɗan bayan Ƙaramar Salla, Arsenal ta je gidan Manchester City. Ya ce biyu da ɗaya za su ci, ya jingina shayin benci guda. Aka tashi huɗu da ɗaya, City ce da huɗu. De Bruyne shi kaɗai ya zura biyu. A ƙarshen kaka City ta ɗauki kofi da maki 89, Arsenal tana biye da 84.

Taubashin bai zo kallo Mafara a daren ba, domin tafiyar dare a hanyoyin yankin ta daina zama abin wasa. Amma da hantsi sai ga shi a kan babur, ba wata sabga da ta kawo shi sai wannan. Ya tarar da telan ya riga kowa zama a teburin mai shayi.

"Bawana, ina igwa? Ko ruwan sama sun jiƙa albarushi?"

"Zamna ka sha shayi, na biya. Amma kai mi ak kai ka magana? Jiya-jiya Brentford ta taho har gida ta yi muku biyu da nema."

Aka fashe da dariya, domin kuwa haka aka yi a wannan daren. Telan ya biya kuɗin shayin mutum takwas, ya sha ba'a har rana ta take, sannan ya buɗe shago.

A nan ne ƙimar abin take. Hasashen telan yakan faɗi ƙasa sau da yawa, kuma kowa ya sani. Ko masu lissafi da kwamfuta a Ingila ba su hango Leicester City za ta ɗauki Firimiya a 2016 ba. Abin da ya sa ake sauraronsa shi ne yakan faɗa a bainar jama'a, kuma in gari ya waye yakan fito. Akwai wani direba ɗan Maradun da ya fi shi sanin sunayen 'yan wasa, amma duk ranar da aka ci ƙungiyarsa sai ya kashe waya, ya sauya hanya kwana biyu. Yanzu in ya buɗe baki sai a ce masa ya bari masu magana su yi. Bahaushe ya ce magana zarar bunu ce. A gidan kallo, wanda ya zara dole ya tsaya a ga inda rufinsa ke yoyo.

Ana iya tambaya, shin shayin nan da ake jinginawa ba caca ba ce? Masu zaman bencin suna da amsa. Jinginar ta gefe ɗaya ce. In hasashe ya faɗi, mai shi ya biya. In ya tabbata, ba wanda zai ba shi ko sisi, ribarsa kawai ita ce ya yi mako guda yana taƙama. Ba kuɗin wani ake hari ba, nauyi ake ɗora wa magana don kada ta zama iska.

Caca ta ainihi ta shigo ta wata ƙofar. Zamfara ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci a watan Oktoba 1999, aka fara aiki da ita a Janairu 2000, a zamanin Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura, kuma caca tana cikin abubuwan da aka hana. Sai dai hani irin wannan ya fi tasiri a kan shago mai ƙofa. Kamfanonin cacar wasanni na yau a cikin waya suke, waya kuma tana cikin aljihu. Telan yana da wani yaron shago, ɗan shekara goma sha bakwai, wanda ya ɗauki wata sabuwar ɗabi'a: sai ya bari kowa ya watse, ya matso kusa da keke ya rage murya ya ce, "Maigida, wasan gobe wa ka ci? Da nawa?" Telan yana amsa masa, yana zaton sha'awa ce. Bai gane ba sai ranar da ya aike shi sayen zare da shafi na rigunan mutane, yaron ya dawo hannu rabbana, ido ya kaɗa. Kuɗin sun bi hasashen maigidansa, hasashen kuma ya faɗi.

Telan bai doke shi ba, bai kore shi ba. Ya biya kayan daga aljihunsa. Abin da ya fi ci masa rai shi ne bakinsa ya zama jari a hannun wasu mutane da bai taɓa gani ba. Ya ce wa yaron, "Ɗana, maganad da anka yi gaban mutane wasa ta. Wadda anka yi cikin kunne caca ta. Daga yau kak ka ƙara tambaya ta a ɓoye."

Wannan sauyi ba a Zamfara kaɗai yake faruwa ba. A Amurka suna da tasu ƙwallon, mai siffar ƙwai, wadda ake runguma a ruga da ita. Ƙungiyoyin jami'o'i suna bugawa ranar Asabar, na ƙwararru ranar Lahadi, kuma hasashen mako-mako tsohuwar al'ada ce a tsakanin magoya baya. A watan Mayu 2018 Kotun Ƙolin ƙasar ta soke dokar 1992 da ta hana yawancin jihohi halatta cacar wasanni. Tun daga lokacin alƙaluman 'yan caca suka kutsa cikin sharhin da ake yi a talabijin, har ya zama ana tambayar tazarar maki kafin a tambayi yadda aka taka wasa. Mai caca ba ruwansa da kirari. Yana iya zuba kuɗi a kan a doke ƙungiyar da yake so, ya zauna shiru a gidan kallo idonsa a kan waya, yana bin wasanni goma da bai san ko launin rigarsu ba.

Mutanen yankin sun taɓa ganin bambancin nan a fili. A watan Satumba 2021, bayan sace ɗalibai mata a Jangeɓe ta ƙaramar hukumar Talatar Mafara a watan Fabrairu, da harin Kwalejin Aikin Gona ta Bakura a Agusta, da sace ɗalibai a Kaya ta Maradun, an katse layukan waya a faɗin jihar, an rufe kasuwannin mako, an hana sayar da fetur a jarka. Cacar waya ta tsaya cik a waɗannan makonni. Man janareta ya yi wuya, kallo ya ragu. Amma hasashe bai tsaya ba. Telan ya kakkaɓe tsohuwar rediyonsa, ana jin sakamako a labarin wasanni na BBC Hausa, ana ci gaba da cika baki a bakin shago. A lokacin da ba wanda ya san abin da dare zai haifar, mutum ya ce "ranar Asabar mu ka cin su" wata hanya ce ta yarda cewa Asabar ɗin za ta zo, kuma za a haɗu.

Manazarta adabin baka sun yi aiki mai yawa a kan kirarin 'yan dambe da 'yan tauri da maharba, masana harshe kuma sun lura da kalmomin da gidajen rediyo suka yaɗa, irin su satar gida da bugun kusurwa da kunnen doki da bugun daga kai sai mai tsaron gida. Abin da ke fita daga bakin mai kallo a kan benci ya cancanci irin wannan kulawa: tsarin hasashensa, laƙabin da yake raɗa wa 'yan wasa, karin Zamfarci da yake zuba maganar a ciki, da dokokin da ba a rubuta ba na wanda ya isa ya yi ba'a da inda ba'a take tsayawa. Magana ce da ake yi yau ta wuce gobe, kuma masu yin ta suna raguwa gwargwadon yadda idanu suke komawa kan waya.

Yaron shagon yana nan, ya iya yanka, ya fara karɓar ɗinki da kansa. Maigidansa ya ɗora masa sharaɗi ɗaya: duk ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, shi zai fara faɗin nasa hasashen da ƙarfi, a gaban kowa, da hujjarsa da jinginarsa. Ya zaɓi Liverpool, don ya ɓata wa maigidan rai. Ya biya shayi sau da yawa, kuma bai taɓa fashin fitowa da safe ba.