Daga inda ƙwallo ta tsaya: Abin da na gani a rayuwar Tiger Woods

Ban taɓa riƙe sandar golf ba. Kamar yawancin mutanenmu, na taso ina kallon wannan wasa a matsayin nishaɗin masu hannu da shuni, waɗanda ke zagaya koren fili yaro na biye da su ɗauke da jaka. Amma akwai wata doka a cikinsa da ta tsaya mini a rai: duk inda ƙwallonka ta tsaya, daga nan za ka buga ta. Ko cikin yashi ta faɗa, ko gindin bishiya, ko iska ce ta kai ta, ko hannunka ne ya kuskure, hukuncin ɗaya ne.

A rayuwar Tiger Woods na fahimci nauyin wannan doka. An haife shi a jihar Kalifoniya ta Amurka a 1975, mahaifinsa Earl tsohon soja ne baƙar fata, mahaifiyarsa kuma 'yar ƙasar Thailand. Ya zama ƙwararren ɗan wasa a 1996. Shekara guda bayan haka, yana da shekara 21, ya lashe gasar Masters a filin Augusta da tazarar bugu 12. Wannan kuwa kulob ne da bai karɓi baƙar fata a matsayin mamba ba sai a 1990. Zuwa 2008 ya tara manyan kofuna 14, na ƙarshensu ma da tsagewar ƙashi a ƙafa ya ci shi. Kowa ya ɗauka cewa kofuna 18 na Jack Nicklaus sun kusa zama labari.

Sai al'amura suka juya. A ƙarshen 2009 asirin cin amanar aurensa ya tonu, auren ya mutu, kamfanoni da dama suka janye daga hulɗa da shi. Ciwon baya ya biyo, aka yi masa tiyata har sau huɗu. A watan Mayun 2017 'yan sanda suka same shi yana barci cikin mota a Florida, magunguna sun yi masa yawa, hotonsa ya zagaye duniya. A wannan shekarar ya sauko ƙasa da na dubu a jerin 'yan wasan duniya. Wani ɓangare na wannan faɗuwa ƙaddara ce, wani kuma shi ya jawo wa kansa.

Ni ma a lokacin ina cikin nawa ramin. Shekarata ta bakwai ke nan ina fama da kundin digirina na uku, masu jarrabawa kuma suka dawo mini da shi cewa sai na sake babi biyu daga tushe. Na yi watanni ban buɗe shi ba. Na ɗora laifi a kan mai duba aikina, da yajin aiki, da rashin wuta. Duk gaskiya ne, sai dai na ɓoye wa kaina cewa hanyar binciken da na bi tun farko gurguwa ce.

Ranar Lahadi, 14 ga Afrilun 2019, bayan sallar Magariba, na ci karo da ƙarshen gasar Masters a talabijin. Woods, yana da shekara 43, ya yi nasara da tazarar bugu ɗaya tak, bayan shekara 11 rabonsa da babban kofi. Ya rungumi ɗansa kusa da wurin da mahaifinsa ya rungume shi a 1997. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne yadda ya yi wasan: babu gaggawar ƙuruciya, yana zaɓar bugun da bayansa zai iya ɗauka, yana barin abokan takara su yi nasu kuskuren. Washegari na zaro kundina daga kabad.

Yanzu idan ɗalibi ya shigo ofishina yana roƙon a gyara masa makin da ya faɗi, nakan saurari uzurinsa har ƙarshe, domin sau da yawa uzurin na gaskiya ne. Daga nan sai in ce masa: "Na ji, kuma na tausaya. To amma ga inda ƙwallonka ta tsaya. Zauna mu duba yadda za ka buga ta."