Maɗaurin Ƙafa da Alkawarin Kamfani

A duwatsun Alps da na Rockies, inda wasan zamiya da allo guda a kan dusar ƙanƙara ya samu gindin zama, lafiyar mai wasa ta rataya ne a kan maɗauri, wato abin da ake kafewa a bisa allon da kusoshi domin ya riƙe takalmi, mai ɗauke da madogarar dunduniya da igiyoyin roba masu haƙora. Lokacin da Sherman Poppen ya ƙirƙiro allonsa a jihar Michigan ta Amurka a 1965, igiya kawai ake riƙewa da hannu, amma kafin wasan ya shiga gasar Olamfik a Nagano a 1998, maɗauri ya riga ya zama jigonsa. Sanyi da hasken rana suna cin robar sannu a hankali har wata rana ta tsage, sai mai allon ya koma tura hoton tsagar da rasiɗin saye ga sashen kula da abokan ciniki, yana jiran a duba ko garantinsa, wato alkawarin gyara ko musanya, bai ƙare ba. A cikin wannan jira, alhali hunturu yana shuɗewa, mutum yakan fahimci cewa tun ranar ciniki ya jingina ga mutanen da bai taɓa gani ba, kuma ɗan Adam yakan yafe karyewar kaya fiye da yadda yake yafe shirun wanda ya amince wa. Kowane kaya yana da wa'adinsa, kuma mutuncin mai sana'a yana bayyana ne ranar da kayansa ya lalace.