Ayar Da Na Tarar A Ƙofar Majami'a

Hausawa sun ce tafiya mabuɗin ilimi. Tun ina lakkol nake jin wannan magana, amma ban ga gaskiyarta ba sai da aikin jarida ya kai ni ƙasar Italiya. Bayan an watse taro, na sami kwana uku ba ni da aikin komi a Palermo, babban birnin tsibirin Sisiliya. Abokan tafiyata suka ce gobe majami'u za mu zaga. Ni kuwa, haifaffen Damagaram da bai taɓa taka ƙofar majami'a ba ko a garinsu, sai gabana ya faɗi. Na kwana ina saƙa da warwara: in je, ko in ce kaina ke ciwo? Da gari ya waye, kunya ta hana ni ƙarya, na bi su.

Muka kama tsohon titin da ya ratsa birnin, wanda mutanen gari ke kira Cassaro. Sunan daga Larabci ya fito, wato al-ƙasr, fada ke nan. Dalili kuwa, Musulmi daga Afirka ta Arewa sun ci Palermo a shekarar 831, suka riƙe ta har 1072, lokacin da Normandawa, mayaƙa Kirista ƴan asalin arewacin Faransa, suka karɓe ta. Matafiyi Ibn Hauƙal, da ya zo a 973, ya ba da labarin masallatai kamar 300 a birnin. A lise an koya mana sarakunan Faransa ɗaya bayan ɗaya, amma wannan babi ban taɓa jin sa ba.

Zangonmu na fari shi ne babbar majami'ar gari, wadda aka gina a 1185. A filin, da can majami'a ce, Musulmi suka mai da ita masallacin Juma'a, Normandawa suka sake mai da ita majami'a. Ina jan ƙafa a shirayin ƙofa sai idona ya faɗa kan wani ginshiƙin dutse ta hannun hagu. A jikinsa an sassaƙa rubutun Larabci. Na matsa, na bi shi baƙi bayan baƙi kamar ɗan makarantar allo: aya ta 54 ce ta Suratul A'araf. Magina sun tsinci ginshiƙin a wani tsohon gini, suka kafa shi nan, kuma ba wanda ya kankare shi. Na daɗe tsaye. Daga nan na cire hulata, domin a wurinsu namiji hula yake cirewa, ya bar takalmi, akasin namu, na shiga. Ba ibada ta kai ni ba, kuma ba wanda ya nemi in yi. Abin da aka nema kawai shi ne sutura ta mutunci da rage murya.

A ciki kabarin Sarki Roger na Biyu yake. Shi ne ya ajiye masani al-Idrisi a fadarsa, wanda a 1154 ya kammala littafinsa na bayanin ƙasashen duniya, da taswirar da ta sa kudu a sama. Cikin wuraren da ya bayyana har da Kawar, tamu ta yankin Bilma. Ku duba, ya ku masu karatu: fiye da ƙarni takwas ke nan labarin ayarin ƙasarmu ya iso wannan birni a bakin fatake.

Ɗakin ibadar fadar sarkin, Cappella Palatina, wanda aka keɓe a 1140, shi ya fi ɗaure mini kai. Bango duka ƙananan gutsattsarin gilashi ne masu ruwan zinariya, aikin gwanayen Rumawa, an jera su sun zama hotunan labarun Linjila da Attaura. In ka ɗaga kai kuwa, rufin katako ne mai ramuka kamar saƙar zuma, irin adon fadojin Musulmi, da rubutun Larabci a gefe. A waje akwai wani dutse na 1142 da ke bayanin agogon da sarki ya sa aka ƙera, cikin harsuna uku: Latin, Girkanci da Larabci.

Ciki dai ba ya sanin tarihi. Da azahar muka faɗa kasuwar Ballarò, inda masu kifi da kayan lambu ke kwarara kira kamar a babbar kasuwar Maraɗi. Na ga ana layi gaban wata tukunya, ana zuba saifa da huhun maraƙi cikin burodi. Har na miƙa kuɗi, wani saurayi baƙar fata ya taɓa kafaɗata, ya ce da Faransanci: "Yaya, da kitsen alade ake soya shi." Ya koya mini kalmomi biyu da duk mai niyyar zuwa ya kamata ya riƙe: maiale, alade; strutto, kitsensa. Ya kai ni wurin mai panelle, wani soyayyen garin wake, ɗan'uwan ƙosai. Da dare kuma na ci taliya da kifin sardin da busasshen inabi. Ƴan kasuwa su lura: in ka zauna kan tebur a gidan abinci, akwai ɗan kuɗin zama da ake ƙarawa, sunansa coperto, kuma ba cuta ba ce, al'ada ce.

Saurayin nan ya ce mini ta Agadez ya biyo, ya haye Libiya, ya shiga kwalekwale. Ni na zo da biza da kujerar jirgi, shi ya zo da ransa a hannu, ga shi kuma shi ne ya kiyaye mini abin da zan ci. Na rasa abin da zan ce masa ban da godiya.

Kada in yi muku daɗin baki: zaman tare na Sisiliya bai ɗore ba. Daga shekarun 1220, Sarki Frederick na Biyu ya kwashe Musulmin da suka rage zuwa Lucera, a kudancin Italiya, kuma a 1300 aka tarwatsa su can ma. Duwatsu sun tsira, mutane ba su tsira ba. Wannan ya tuna mini watan Janairu na 2015, lokacin da aka ƙone majami'u a Damagaram da Yamai. Ina da abokin aji Kirista, wanda uwarsa ta sha ba ni abinci. Ban ɗauki ashana ba, amma ban kuma je na yi musu jaje ba. Tsoron bakin mutane ya hana ni. A gaban ginshiƙin nan na Palermo wannan bashi ya faɗo mini a rai.

Na komo gida da addinina yadda na tafi da shi, babu abin da ya ragu. Mako guda da saukata na nemi gidan abokin nawa. Tsohuwar ta dube ni, ta ce: "Ɗana, sai yau?" Na sunkuyar da kai. Ta sa aka kawo mini ruwa.