Ɗaukewar Ni'ima: Ciwon Da Kunya Ta Rufe A Sabo Ta Ibadan

Tun shekarar 1916 da aka keɓe wa Hausawa unguwar Sabo a Ibadan, garin da iyaye da kakanni ke kira Badun, aka san mutanen wurin da fataucin goro da shanu da kuma riƙo da al'adun gida. Kunya tana cikin waɗannan al'adu, kuma ado ce ga 'ya mace. Amma akwai inda takan zama sanadin wahala, watau wajen ciwon da mata ke kira ɗaukewar ni'ima, ko bushewar gaba.

Akwai wata baiwar Allah a unguwar, matar wani fatake, mai 'ya'ya shida, wadda al'adarta ta ɗauke tana da shekara 48. Ba a jima ba ta soma jin zafi da ƙaiƙayi, kwanciyar aure kuma ta zame mata azaba, har wani lokaci da ɗigon jini. Da ta riƙa kawo uzuri, sai maigidan ya ɗauka ƙi ne. Ran nan ya ce mata, "Hajiya, in kin gaji da ni ne, ki faɗa." Ita kuwa abin da ta iya cewa shi ne, "Alhaji, ka yi haƙuri, ba haka ba ne." Daga nan maganar ƙarin aure ta taso. Don gudun wulaƙanci ta shiga sayen kayan mata, har aka ba ta wani matsi da aka haɗa da alif. Maimakon sauƙi, sai wurin ya tsattsage, fitsari ya koma kamar wuta. Sai da 'yarta ta fari ta zo ganin gida, ta matsa mata da tambaya, ta ce, "Inna, wannan ai na asibiti ne," sannan aka nemi izinin Alhaji aka tafi. An yi kusan shekara biyu ana fama da abin da likita ya gane a zama ɗaya.

To, mene ne asalin ciwon? A jikin mace akwai wani sinadari da ake kira estirojin, wanda ma'ajiyar ƙwayayen haihuwa ke samarwa. Shi ne ke sa fatar cikin farji ta yi kauri da laushi da danshi, yana kuma ciyar da wasu ƙwayoyin halitta masu amfani da ke sa wurin ɗan tsami, domin kada cuta ta sami wurin zama. Idan ya ragu, sai fatar ta yi siriri ta bushe. Babban lokacin raguwarsa shi ne ɗaukewar al'ada, wadda yawanci kan zo tsakanin shekara 45 da 55, kuma kusan rabin matan da suka wuce wannan mataki sukan gamu da matsalar. Yakan ragu kuma ga mai jego da mai shayarwa, da wadda aka cire wa ma'ajiyar ƙwai, da wadda ake yi wa maganin ciwon daji. Ciwon sukari, da allurar tazarar haihuwa ga wasu mata, da magungunan mura masu busar da majina, duk suna iya jawo shi. Haka nan yawan wanke ciki da sabulu mai ƙamshi ko ruwan magani, domin yana kashe ƙwayoyin nan masu tsaro.

Na mai shayarwa yakan wuce idan al'ada ta dawo. Na wadda al'adarta ta ɗauke kuwa, in an ƙyale shi, ƙaruwa yake yi. Busasshiyar fata tana saurin tsagewa, tsagar kuma ƙofa ce ga ciwon sanyi, da ciwon mafitsara mai yawan dawowa, har da ƙanjamau idan abokin zama yana ɗauke da shi. Cusa alif ko kanwa yana ƙona fatar, ya bar tabon da zai iya tsuke hanya. Mafi muni shi ne a kai mace wurin wanzami ko ungozoma a yi mata yankan gishiri, domin aska tana iya huda mafitsara ta bar ta da yoyon fitsari.

Magani kuwa yana nan, kuma ba mai wuya ba ne. Na farko, a daina cusa kome, a wanke waje kawai da ruwa. Na biyu, akwai man santsi mai tushen ruwa da ake sayarwa a kemis don lokacin saduwa, da wani na danshi da ake sawa bayan kwana biyu ko uku. Man Vaseline bai dace ba, domin yana lalata kororon roba. Na uku, likita yana iya rubuta estirojin kaɗan, na shafawa ko na sawa a ciki, wanda ke farfaɗo da fatar cikin 'yan makonni. Wadda ta taɓa yin ciwon dajin nono lalle ta shaida wa likita kafin a ba ta shi. Duk matar da ta ga jini bayan al'adarta ta ɗauke, kada ta jira, domin wani lokaci alamar ciwon dajin mahaifa ce.

Mutanen Sabo ba su da hujjar nisa. Asibitin koyarwa na jami'a, UCH, wanda aka buɗe a 1957, yana kusa da su, ga kuma asibitin haihuwa na Adeoyo a Yemetu. Wadda ba ta jin Yarabanci ko Turanci ta tafi da 'yarta ko ƙanwarta, ta kuma roƙi a haɗa ta da likita mace in akwai.

An ce ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, amma a gidan da mace ba ta fita sai da izini, rabin maganin yana hannun maigida. Magidancin da ya ga iyalinsa tana ja da baya, ya tambaye ta cikin lalama kafin ya yanke hukunci, ya ba ta kuɗin mota da na kati. Allah Ya ba marasa lafiya sauƙi, amin.