Wuƙar Da Ke Buɗewa Da Yatsa Ɗaya

Da aka ce wannan makon ni ke da rubutu, na yi niyyar kawo gajeren labari kamar yadda na saba. Sai wani ɗan uwa a nan ya same ni ta akwatin saƙo yana tambayar irin wuƙar aljihun da zai saya don aiki, wai ya ga masu buɗewa da sifirin sun burge shi. Na dubi tabon da ke yatsana, na ce gara in ba shi amsa a gaban kowa.

Waɗanda suka san ni sun san ba rubutu ke ciyar da ni ba. Tun da na gama difloma a fannin lantarki nake bin wani Ogana aikin haɗa sola da wayarin ɗin gidaje a nan Kano. Rabin aikinmu a kan tsani ake yin sa, ko a cikin silin inda zafi ke dafa mutum. Hannu ɗaya na riƙe da kebul ko katako, ɗayan ne kaɗai ke aiki. Shekara biyu da reza nake fere bawon waya, in yanka salatif, in tsinke igiyar kwali. In zan canja hannu sai in cije ta da haƙori. Ranar da ta suɓuce ta faɗa cikin rigata ina saman tsani, na ce ya isa haka.

Na shiga kasuwa na samo wata baƙar wuƙa mai ninkewa, an zana mata kan damisa a ƙota, kuɗinta bai kai abin da nake kashewa a data a mako ba. Da ka taɓa wani ɗan ƙarfe a bayanta sai ka ji ƙas! ta miƙe. Gaskiya ƙarar ce ta saye ni. A hanya ma sai da na buɗe ta ya fi sau ashirin. Oga ya karɓa ya jujjuya, ya girgiza ruwan wuƙar da yatsu biyu, ya miƙo mini ya ce, "Injiniya, wannan tana rawa." Na ce ai sabuwa ce, za ta zauna.

Ba ta yi wata guda ba. Ina huda robar akwatin raba wuta, na danna tsinin na ɗan murɗa, sai makullin ya zame, ruwan ya dawo ya rufe a kan yatsana na nuni. Ɗinki huɗu aka yi mini, na yi kusan mako biyu ban riƙe filaya ba. Mu kuwa ranar da ba ka fita ba, ba ka da ko sisi. Araha ba ta ado, in ji Umma, tana zuba mini ruwan alwala.

A zaman jinyar nan ne na karanta abin da ya kamata in karanta kafin in saya. Wuƙaƙe masu ninkewa kashi uku ne. Akwai wadda kai ne za ka buɗe ta tun daga farko har ƙarshe, irin su Okapi da kakanninmu suka sani, wadda aka fara ƙerawa a Jamus a 1902 kafin aikinta ya koma Afirka ta Kudu. Akwai wadda ake danna maɓalli a ƙota ta fito da kanta. Sai ta tsakiya, wadda nake magana a kai: a cikin ƙotarta akwai wani siririn ƙarfe lanƙwasasshe da ke riƙe ruwan a rufe. Sai ka tura ruwan da yatsa ya wuce wani mataki, sannan wannan ƙarfen ya juya ya ƙarasa buɗe maka. Wani maƙerin Amurka, Ken Onion, shi ya tsara wa kamfanin Kershaw irin tasu, suka fito da ita a 1998 da sunan SpeedSafe, daga nan salon ya bazu.

Abin da na gane shi ne, sifirin ɗin da ya ruɗe ni shi ne mafi ƙarancin muhimmanci a jikin wuƙar. Buɗewa ƙiftawar ido ce. Sauran lokacin duk makulli ne tsakanin kaifi da yatsunka. Yawancin irin waɗannan wuƙaƙe ɗaya daga makullai biyu suke da shi. Ko dai wani fallen ƙarfe siriri da ke cikin ƙota ya tsallako ya tokare gindin ruwan, ko kuma ɓangaren ƙotar kanta, in ta ƙarfe ce, ya yi wannan tokarewar. Na biyun ya fi kauri, kuma in ka damƙe ƙota kana ƙara danne shi ne. Tawa ta farko fallenta bai fi kaurin murfin gwangwanin madara ba, kuma da ɗan gefensa kawai yake taɓa ruwan.

Don haka in ka je saye, kada ka tsaya jin ƙara. Buɗe ta ka leƙa ciki, ka ga ko makullin ya hau gindin ruwan sosai. Kama bayan ruwan ka girgiza gefe da gefe, sama da ƙasa, in ka ji motsi ajiye ta. Rufe ta ka duba ko ruwan ya kwanta a tsakiya bai gogi gefe ba, ko tsinin ya ɓuya gaba ɗaya. Sannan ka girgiza ta a rufe. Wadda ke da sifirin in riƙonta ya yi sako-sako, tana iya buɗewa a aljihu, ka zura hannu neman canji ka tarar da kaifi.

Sai maganar ƙarfe. Kamfanin kirki yana rubuta irin ƙarfen a jikin ruwan. Wanda aka fi gani a masu sauƙin kuɗi shi ne 8Cr13MoV, ƙarfen Sin. Yana jure tsatsa daidai gwargwado, yana dakushewa da ɗan wuri, amma dutsen wasa wuƙa na gida yana dawo da shi cikin mintuna kaɗan. D2 ya fi shi riƙe kaifi, sai dai ya fi wuyar wasawa, kuma in gumi ko ruwan damina ya kwana a kansa yana iya yin ɗigo-ɗigon tsatsa. Ni mai fere roba da kwali kullum, na farkon ya wadace ni. Tsawo kuma kada ya haura inci 3. Babu abin da muke yi a wurin aiki da ke neman fiye da haka. Ka zaɓi mai baki sumul, domin mai haƙora irin na zarto yana cin zaren tagullar da ke cikin waya. Ƙurar hunturu ma abokiyar gaba ce: tana shiga mahaɗar ta haɗu da mai ta zama laka, sifirin ya riƙa buɗewa rabi. Ni da tsohon buroshin haƙori nake share tawa, in ɗiga man keken ɗinki ɗigo ɗaya. Kuma ƙotarta ba ta kare mutum daga wuta, sai an kashe layi an gwada da testa kafin ta taɓa waya.

Da na warke na samu Kershaw Cryo a wurin masu kayan aiki na gwanjo. Ruwanta inci 2.75, ƙotar ƙarfe, makullin jiki. Tana da ɗan nauyi, amma ba ta rawa. A kan tsani ta yi mini duk abin da nake so. Sai na ɗauka na gama koyon darasi, na maƙala ta a bakin aljihun wando, da ita nake zuwa ko'ina, har taron ƙungiyarmu ta marubuta.

Wata Laraba bayan magariba na hau a-daidaita-sahu zan koma gida. Mu uku ne a baya: ni, wani saurayi yana latsa waya, da wata tsohuwa mai buhun kaya a ƙafarta. Da ta zo sauka, igiyar buhun ta sarƙe a ƙarfen kujera, tana ja ta ƙi fita. Na ce, "Bari in taimaka miki, Iya." Na zaro wuƙa, ƙas!

Ban ko kai ga igiyar ba saurayin ya dire ta ɗaya gefen yana ihun ɓarawon waya. Direba ya fice ya bar mashin ɗin a kunne. Kafin in ce wani abu mutane sun fara taruwa daga wajen mai shayi, na hango wani da katako a hannu. Duk mun san abin da ƙwacen waya ya mayar da garin nan, mun san mutanen da aka soke saboda waya, kuma mun san abin da taro ke yi wa wanda aka kira ɓarawo kafin a tambayi sunansa. Na saki wuƙar ta faɗi, na ɗaga hannu, bakina ya bushe ƙamas.

Tsohuwar nan ce ta tsaya a gabana. Ta ce, "Kai ku tsaya! Yaron nan igiya zai yanke mini, ga ta nan ku gani." Wani dattijo ya buɗe jakata ya ga filaya da testa da ƙullin waya, ya ɗauki wuƙar ya juya ta, ya ce, "Samari, kai ma ka so ka ja wa kanka. Wa ke buɗe irin wannan a cikin mutane da dare?" Saurayin ya dawo yana haki yana ba ni haƙuri. Ban ga laifinsa ba. Da ni ne a wurinsa, a wannan duhun, da wannan ƙarar a kunnena, ban san abin da zan yi ba.

Washegari na ba Oga labari. Bai yi dariya ba. Ya tuna mini hadisin da aka umarci mai ratsa kasuwa ko masallaci da kibau ya riƙe tsininsu don kada ya cutar da wani. Ya ce, "Kai ka san niyyarka. Wanda ke gefenka ƙara kawai ya ji."

Daga baya na lura ba mu kaɗai ke wannan tunanin ba. Amurka ta kafa dokar taƙaita cinikin wuƙaƙe masu maɓalli tun 1958, sai a 2009 aka gyara ta aka fayyace cewa masu taimakon sifirin ba sa ciki. A Ingila kuwa, wuƙar da mutum zai iya yawo da ita ba tare da ya kawo dalili ba ita ce mai ninkewa wadda ba ta kullewa, kaifinta bai wuce inci 3 ba. Wato can ma an raba tsakanin abin da ya dace da wurin aiki da abin da ya dace da titi.

To ɗan uwa mai tambaya, ga amsata. In aikinka na hannu ɗaya ne irin nawa, saye ta, amma ka sayi makulli, ba ƙara ba. In kuwa yanka lemo da buɗe kwali ne kawai, ba ka bukatarta. Cryo ɗina yanzu a jakar aiki take kwana, a cikin zif, tare da sukundireba, sai na hau tsani take shiga aljihu. Abin da ke jikin makullan gidana wata 'yar mitsitsiyar wuƙa ce mai jar ƙota da ɗan almakashi, sai na sa hannu biyu da farce take buɗuwa. Rannan a gidan biki na yanke wa wata yarinya zaren da ya fito a mayafinta da ita, ko kallona ba a yi ba.

Allah Ya tsare mu da abin da muke riƙe da shi, Ya ba mu zaman lafiya a unguwanninmu. Sai mako na gaba ga wanda ke da rubutu.