Gent, mahaɗar masu kula da dubban kwamfutoci

A farkon watan Fabrairu na kowace shekara, dubban masu rubuta manhajar da ake rabawa kyauta sukan cika harabar jami'ar ULB da ke Burasel, babban birnin Beljiyam, domin taron FOSDEM. Ba rajista, ba kuɗin shiga. Idan aka tashi ranar Lahadi da yamma, galibi kowa yakan kama gabansa, sai wani rukuni da ke hawa jirgin ƙasa su yi tafiyar kamar rabin sa'a zuwa Gent, inda washegari ake buɗe wani taron mai suna Config Management Camp. Su na bi.

Gent tsohon gari ne da ke zaune inda kogin Leie ya haɗu da na Schelde. A tsakiyarsa akwai ganuwar dutse mai suna Gravensteen, wadda aka gina a 1180, kuma har yau tana tsaye, jiragen cikin gari masu bin dogo a kan titi suna wucewa ta gindinta. Holanci ake yi a nan, ba Faransancin da ya fi yawa a Burasel ba. Keke ya fi mota daraja, baƙon da ya tsaya kalle-kalle a kan layin masu keke kuwa ƙararrawa za ta koya masa hankali. Sanyinsu ba irin na hunturu ba ne mai busar da leɓe, jiƙaƙƙe ne, yana ratsa riga har ƙashi. Mai neman naman da hankalinsa zai kwanta da shi sai ya nufi titin Sleepstraat, inda Turkawa suka jera gidajen abinci. Ba banza aka zaɓi garin ba: a nan Patrick Debois ya shirya taron DevOpsDays na farko a 2009, wanda daga gare shi sunan DevOps ya bazu a duniya.

Mutanen da na tarar a harabar kwalejin da ake taron ba masu ƙirƙirar manhajar waya ba ne. Su ne masu kula da manyan kwamfutocin da bankuna da jami'o'i da kamfanonin sadarwa ke ɗora aikinsu a kai, waɗanda ba a tunawa da su sai ranar da wani abu ya tsaya. Mutum ɗaya a cikinsu yana iya riƙe na'ura ɗari biyar ko dubu, kuma da wuya a ce duk babbar manhaja iri ɗaya ke tafiyar da su. Wasu Debian, wasu Red Hat, nan FreeBSD, can Windows. Kowace da yarenta. In kana son girka manhaja a Debian ko Ubuntu, apt za ka kira. A Red Hat dnf ne, wanda ya gaji yum. A SUSE zypper. A FreeBSD pkg. Buɗe wa sabon ma'aikaci asusu ma haka: useradd a Linux, pw a FreeBSD, dscl a kwamfutar Apple. A da, kowane mai kula yakan rubuta doguwar takardar umarni cike da sharuɗɗa, in wannan ce yi kaza, in waccan ce yi kaza. Ranar da ya bar aiki, wanda ya gaje shi ya shiga uku.

Sunan da na fi ji a bakin dattawan wurin shi ne Mark Burgess, masanin kimiyyar fiziks ɗan Ingila, wanda ya rubuta CFEngine a Jami'ar Oslo a 1993. Tunaninsa shi ne a daina ba na'ura jerin umarni, a gaya mata halin da ake so a same ta a ciki. Bambancin kamar na maigida biyu ne. Ɗaya kullum da safe ya ce wa yaronsa, je ka kasuwa ka sayo buhun shinkafa. Kafin wata ya ƙare ɗakin ajiya ya cika ya batse. Ɗayan ya ce, ka tabbata kullum akwai buhu ɗaya a ɗaki. Yaron nan zai leƙa, in akwai ya zauna abinsa, in babu ya je ya sayo, kuma ba ruwan maigida da ko a wace kasuwa ya samo, ko a kan babur ya ɗauko ko a baro. Magana ta biyu ko sau dubu aka maimaita ta ba ta ɓata komai. A kan wannan aka gina duk kayan aikin da ake tattaunawa a Gent.

Wanda ya fi kowa fito da tunanin fili shi ne Luke Kanies, Ba'amurken da ya daɗe yana aiki da CFEngine kafin ya fitar da Puppet a 2005, da harshen Ruby. A wurin Puppet, na'ura tarin abubuwa ce masu nau'i da suna da siffofi. Ƙunshin manhaja nau'i ne, fayil nau'i ne, asusun ma'aikaci nau'i ne, haka ma hidima, wato manhajar da ke gudana a bayan fage dare da rana. Mai kula yana rubuta layi biyu ko uku ne kawai: ga ƙunshi mai suna kaza, ya kasance a girke, ga hidima kaza, ta kasance tana gudana, kuma ta tashi da kanta in an kunna na'ura, ga fayil kaza, wane ne mai shi, ga abin da ke ciki. Ba ya ambaton apt, ba ya ambaton dnf. A ƙarƙashin kowane nau'i akwai 'yan aike da yawa, kowanne ya iya yaren babbar manhaja ɗaya, kuma Puppet ce ke zaɓen wanda zai tafi.

A ɗakin koyarwa na zauna kusa da wani matashi da ya nuna mini yadda abin ke gudana a allon kwamfutarsa, mataki-mataki. Da farko wata ƙaramar manhaja mai suna Facter tana bincika na'urar ta tattaro bayananta: wace babbar manhaja ce, wane zubi, ƙwaƙwalwa nawa, wane adireshi. Ana aika wannan ga uwar na'ura, ita kuma ta haɗa shi da abin da mai kula ya rubuta, ta fitar da kundi na wannan na'urar ita kaɗai, wanda ya jera duk abin da ya kamata ya kasance da kuma wanda zai riga wani. Sai 'yan aike su bi kundin ɗaya bayan ɗaya. Kowanne yakan fara duba halin da ake ciki, ya gwada da abin da aka nema, in sun yi daidai ya wuce bai taɓa komai ba. In ba a canza saiti ba, bayan kowane minti 30 ake maimaita wannan zagaye. Wanda ya shiga da dare ya yi gyaran hannu a ɓoye, kafin ya gama shan shayi an mayar da fayil ɗin yadda yake.

Abin da ya fi burge ni shi ne hanyar tana bin gaba tana bin baya. Matashin ya buga umarni ɗaya, sai Puppet ta karanto duk asusun da ke cikin na'urarsa ta zayyano su cikin irin rubutun da shi kansa zai yi. Da kan FreeBSD ko Apple ya buga, siffar amsar ba za ta canza ba. Akwai kuma yanayin gwaji, inda take faɗin duk abin da za ta canza ba tare da ta canza ba. Mai na'ura dubu ba ya wasa da wannan.

Tsarin ya sha babbar jarrabawa lokacin da manyan gidajen Linux suka sauya yadda ake tada hidima suka koma systemd: Fedora a 2011, Red Hat ta 7 a 2014, Debian ta 8 da Ubuntu a 2015. An yi ta cacar baki a kan sauyin, har yau ma a Gent in ka ambaci sunan za ka ga wani ya taɓe baki. Amma wanda ya rubuta cewa hidima kaza ta kasance tana gudana, layin nan nasa bai bukaci gyara ba. Ɗan aike ne aka sauya a ƙasa. Masu tsohuwar takardar umarni kuwa sai da suka bi ta layi-layi.

Zuwa nan mutum zai ɗauka an gama da matsalar. A layin karɓar kofi wata mata mai kula da na'urorin wata jami'a ta warware mini wannan zato, tana dariya. Ta ce 'yan aiken sun iya aiki, amma ba su san suna ba. Manhajar Apache mai riƙe shafukan intanet, a Debian sunan ƙunshinta apache2, a Red Hat httpd, kuma fayilolin saitinta ba wuri ɗaya suke zama ba. Hidimar da ake shiga na'ura daga nesa da ita, nan ssh, can sshd. Rukunin masu ikon shugabanci, a Ubuntu sudo, a Red Hat wheel. Ka rubuta apache2 ka aika wa Red Hat, ɗan aike zai je da gaskiyarsa ya dawo ya ce babu. Banda suna akwai ɗabi'a: Debian tana girka manhaja ta tada ta nan take, tun kafin ka sa mata saitinka, Red Hat kuwa takan girka ta bar ta a kashe sai ka ce ta tashi. Windows ita ma duniyarta daban, domin yadda take raba izinin taɓa fayil bai yi kama da na dangin Unix ba, ga kuma rumbun saitinta da babu irinsa a Linux.

To ina bambancin ya tafi? Bai tafi ko'ina ba, matsar da shi aka yi. Masu Puppet suna da Hiera, inda ake jera cewa in dangin Debian ne ga suna, in na Red Hat ne ga suna, sai babban rubutun ya zauna tsaf yana ɗauko abin da ya dace. A ganina wannan ci gaba ne na gaske, ko da bai kai abin da masu talla ke faɗa ba. Sharuɗɗan da a da suke warwatse cikin takardun mutum ɗari, yanzu suna wuri ɗaya da kowa zai iya karantawa ya gyara. Inda na ga rauni shi ne wata ƙofar baya da ake kira exec, wadda ke barin mutum ya cusa umarni tsirara a tsakiyar rubutun. An tanade ta ne don abin da ba shi da nau'i, amma gaggawa takan sa a mayar da ita babbar ƙofa. Wani mai jawabi ya haska rubutun da kusan rabinsa exec ne, ɗakin ya fashe da dariya, irin dariyar waɗanda suka san na gidansu ma haka yake. Daga lokacin da ka yi haka, kai ne za ka riƙa gaya wa na'ura yadda za ta gane an riga an yi aikin, ka koma gidan jiya ke nan.

Sauran kayan aikin kowanne ya ɗauki tunanin ya murɗa shi yadda ya ga dama. Chef, da Adam Jacob ya fitar a 2009, tana da nau'i da 'yan aike kamar Puppet, sai dai da Ruby tsantsa ake rubuta ta, abin da ya ja masu shirya manhaja ya kori wasu masu kula. Salt ta Thomas Hatch ta zo a 2011. Ansible, wadda Michael DeHaan ya fara a 2012, ba ta bukatar a girka wakili a kowace na'ura, ta SSH take shiga ta yi aiki ta fita, ana rubuta mata ayyuka da YAML, tana bin ayyuka daga sama zuwa ƙasa. Tana da hanyar girka ƙunshi ta bai-ɗaya, amma da yawa daga masu amfani da ita kai tsaye suke kiran apt ko dnf, hujjarsu ita ce tunda sai ka san sunan ƙunshin a kowace, ɓoye ɗan aiken bai rage maka komai ba. Ban yarda da su gaba ɗaya ba, amma ban iya kayar da su ba. A yawan jama'ar da ke cika ɗakuna dai, Ansible ce ke gaba.

Matasa kuma tambayarsu daban ce. Tun da Docker ta fito a 2013, ana iya naɗe manhaja da duk abin da take bukata cikin ƙunshi ɗaya a rufe, a jefar da tsohon a kawo sabo maimakon a yi ta gyara. Me za a yi da ɗan aike mai jin yare biyar? Dattawan sukan amsa cewa ƙunshin ma a kan wata na'ura yake zaune, kuma wani ne ke kula da ita. Ga shi kuma Terraform da Kubernetes, dukansu na 2014, tunanin nan ne suka ɗauka suka hau da shi sama: ka faɗi halin da kake so, wani abu ya duba, ya gwada, ya daidaita. Terraform ma sunayen nau'i da ɗan aike ta riƙe, sai dai nata 'yan aiken da kamfanonin hayar kwamfuta irin Amazon da Google suke magana.

Maganar da ta fi zafi a farfajiya ba ta fasaha ba ce, ta mallaka ce. Red Hat ta sayi Ansible a 2015, Progress ta sayi Chef a 2020, a wannan shekarar kuma VMware ta ɗauki Salt, Perforce kuma ta sayi Puppet a 2022. Kowace babbar manhaja tana fitar da sabon zubi, suna na canzawa, fayil na ƙaura, dole wani ya bi 'yan aike da teburan suna yana sabuntawa. Kaso mai yawa na wannan wahala 'yan sa kai ne ke ɗauka, irin ƙungiyar Vox Pupuli da ke riƙe da tarin rubuce-rubucen Puppet fiye da ɗari, wadda a farkon 2025 ta fitar da nata reshen mai suna OpenVox bayan Perforce ta sauya sharuɗɗan rabon manhajar. A ranar ƙarshe, wadda aka ware don aikin hannu, na ga wasunsu sun kewaye teburi ɗaya, suna gardama a kan ko za su ci gaba da tallafa wa wani tsohon zubin babbar manhaja da masu ita suka daina kula da shi. Ɗaya ya ce a yanke shi, gwajinsa yana cin lokaci. Wani ya ce har yanzu akwai masu na'urori a kansa da ba su da kuɗin ƙaura. Lokacin da na tashi don kama jirgin Burasel ba su daidaita ba.